Abin da Na Ce Na Tsinta a Ɗakin Rauda

Ranar Talata da hantsi muka kai Rauda asibiti, kuma tun daga wajen yankar kati na fara ƙarya. Ma'aikaciyar ta tambaya ko mara lafiyar tana shan wani magani a gida. Rauda, matar ƙanena Labaran, tana kwance a kan benci, kanta bisa cinyata, ta girgiza kai da ƙyar. Ni kuwa na ce, "Babu. Ko maganin ciwon kai ba ta cika sha ba." Muryata ko rawa ba ta yi ba.

Ita dai gaskiya ta faɗa iyakar saninta. Ni ce na san abin da ta yi wata bakwai tana sha, domin da hannuna nake murƙushe shi.

Rauda siririya ce, haka Allah ya yi ta, haka ma uwarta take. Wata huɗu da kawo ta gidanmu muka raka ta suna a unguwarsu, Tudun Jukun. Muna zaune cikin mata sai wata gwaggonta ta kama tsintsiyar hannunta ta ɗaga sama ta ce, "Ikon Allah! Mutanen Tudun Wada, da cokalin shayi kuke auna mata tuwon ne?" Aka kwashe da dariya. Hajiya, mahaifiyarmu, ita ma ta dara, amma maganar ta tsaya mata a rai har muka iso gida. A wajen Hajiya, matar ɗa ta rame a gidanka zagi ne da ya fi na baki ciwo. Washegari ta aike ni Kwangila wurin wani mai kemis da ƙawarta ta yi mata kwatance. Ya ba ni kwalin wasu 'yan ƙwayoyi farare ƙanana, waɗanda mata ke kira sha-ka-fashe. Ni Rakiya malamar firamare ce, shekarata goma sha ɗaya ina koya wa 'ya'yan mutane karatu, amma takardar da ke cikin kwalin ban ko warware ta ba. Kullum da safe in danne biyu da bayan cokali, in barbaɗa a kunun gyaɗarta, in miƙa mata ta karɓa da hannu biyu.

Abin ya karɓe ta. Kumatu suka fito, wuya ya cika, riguna suka matse. Hajiya ta riƙa ƙirƙiro mata aike zuwa Tudun Jukun don kawai a gani. Ni har tsokanarta nake yi, ina cewa, "Amaryar Labaran, ƙofar ɗakin nan fa sai an kira kafinta ya ƙara mata faɗi." Sai ta rufe fuska da mayafi tana dariya.

Da ta yi ɓatan wata, Hajiya ta ce ciki ne, a daina, kada a taɓa mata jika. Muka daina ba ta gaba ɗaya a ranar. Kwana huɗu bayan nan Rauda ta fara amai, ta tashi za ta yi alwala jiri ya kwashe ta ta faɗi a bakin rijiya.

Aka ba ta gado a ɗakin mata, kusa da taga. Rauda 'yar fari ce, mahaifiyarta ba za ta iya zama a kanta ba saboda kunya, sai dai ta zo ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce "ya mai jikin?" ta juya tana share ido. Don haka jinya ta faɗo kaina. Kowa ya yi ta sa mini albarka, wai samun yayar miji irina sai an tona.

Gwajin farko ya nuna babu ciki. Na biyu ya ce ba zazzaɓin cizon sauro ba ne. Aka ɗebi jini aka duba taifot, aka ɗebi fitsari, aka ɗauki hoton ciki da na ƙirji. Ƙananan likitoci su zo su biyu su uku, su duba fayil, su yi Turancinsu ƙasa-ƙasa, su ƙara mata ledar ruwa su wuce. In ruwan yana shiga sai ta ɗan buɗe ido. Yana ƙarewa sai jininta ya sake yin ƙasa, ta koma kamar tsumma.

Kowace mace a ɗakin nan ciwonta yana da suna. Ta gefenmu ciwon suga, ta gabanmu ƙoda, ta ƙarshe hawan jini ne ya shanye mata ɓarin jiki. In 'yan dubiya suka tambaye su, kalma ɗaya ce, a ce Allah ya sawwaƙe. Mu kuwa in aka ce, "Me aka ce yana damunta?" sai in ce ba a gano ba tukuna. Nan za ka ga mata sun kalli juna. Kafin Alhamis magana ta zagaya Tudun Wada ta dawo mana a gado: wasu sun ce iska ce, wasu sun ce jifa, wasu kuma suka ce ai an gano, ciwon nan ne da ba a faɗa, shi ya sa muke nuƙu-nuƙu. Wata maƙwabciyarmu ta zo dubiya, Rauda ta miƙa mata hannu, ta yi kamar tana gyara ɗankwali.

Rauda ta gani. Bayan matar ta tafi ta juya fuska wajen bango ta ce, "Yaya, ni kunya nake ji. Kowa ya bar aikinsa saboda ni, kuma ko sunan abin da ke damuna ban sani ba balle in faɗa musu."

Na ce, "Ki daina wannan magana, ciwo ai ba ke kika ɗora wa kanki ba."

Wannan kaɗai ce gaskiyar da na faɗa mata a makon.

Ni nake yi mata wanka a bayan labule. Nan na ga abin da sutura ta ɓoye mana wata da watanni. Ƙibar da muke taƙama da ita a fuska da ciki kawai ta tsaya. Ƙafafunta sun zama sirara fiye da da, cikinta da cinyoyinta duk sun tsage da wani irin nankarwa mai duhu, fatar kuwa in na ɗan riƙe ta da ƙarfi sai wurin ya tara jini. Tana ta kare jikinta da hannu tana ba ni haƙuri, wai na ga abin da bai kamata in gani ba. Na gama na fita na zubar da ruwan, na tsaya a bakin famfo na kasa komawa.

Da Hajiya ta kawo abinci da azahar na ja ta gindin darbejiyar da masu jinya ke hura gawayi. Na ce, "Hajiya, yarinyar nan fa kullum baya take yi. Ko mu faɗa musu?"

Ta waiga hagu da dama. "Mu faɗa musu me?"

"Ƙwayar nan."

"Wace ƙwaya? Abin da muka daina yau kwana nawa? Da shi ne ai da tana sha za ta kwanta, ba bayan an daina ba. Ke da kika yi boko ma sai na koya miki wannan?"

"To ai ko don su sani."

"Su sani su rubuta a takarda, Labaran ya karanta, ya ji uwarsa ce ke zuba wa matarsa abu a kunu? A kai labari Tudun Jukun? Ke kin san abin da za a kira shi. Ba wanda zai ce maganin ƙiba ne, cewa za a yi guba muka ba ta." Ta gyara mayafi. "Ni don alheri na yi. Matan unguwar nan nawa suka sha, ga su nan garau da 'ya'yansu? Kwanciya ce Allah ya rubuta mata. Ke kuma, Rakiya, ki tuna da aurenki ya mutu ɗakin wa kika dawo."

Na bar maganar a nan. Ba wai ta rinjaye ni da hujja ba ne. Maganarta ta yi mini daɗi, domin ta ba ni wurin ɓuya, na kuwa shige.

Ranar Juma'a babbar likita ta zo zagaye. Sunanta Dakta Judith, 'yar Zariya ce, Hausarta ta fi tawa. Ta tarar da mahaifin Rauda, Malam Kailani, ya biyo kafin ya wuce masallaci. Dattijo ne mai ba da karatun littattafai a zaurensa, mutumin da ake kira ya raba gado saboda ba a taɓa kama shi da karkata ba. Likita ta gaishe shi, ta ja labule ta duba Rauda, ta daɗe tana kallon fuskarta da cikinta. Da ta buɗe labulen sai ta ja kujera ta zauna.

"Rauda, zan tambaye ki, kuma ba don in kunyata ki ba. Kin taɓa shan maganin ƙiba? Ko na ciwon gaɓoɓi, ko wani haɗi da ake sayarwa a kwalba? Ko man shafawa na ƙara haske?"

"A'a, likita."

"Ki tuna da kyau. Jikinki yana nuna mini wani abu, bakinki yana faɗa mini wani."

Rauda ta yunƙura za ta tashi ta kasa. Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido har cikin kunne. Ta ce, "Wallahi tallahi, ga mahaifina nan, ban taɓa sayen wani abu na sha don in yi ƙiba ba. In na sha, kada Allah ya tashe ni daga gadon nan."

Malam Kailani ya ce, "Likita, ni na yi mata tarbiyya. Yarinyar nan ba ta rantsuwa a kan ƙarya. Na tsaya mata, ki nemi ciwon a wani wuri."

Likita ta ce, "To Baba, na ji." Ta juyo gare ni. "Ke ce mai jinya, gida ɗaya kuke?"

Na ce e.

"Ba ki taɓa ganin komai ba?"

Na ce ban taɓa ba. Ina faɗa ina gyara wa Rauda filo.

A baranda ta tsayar da ni da Labaran ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce akwai magungunan da in jiki ya saba da su, shi kansa yakan daina yin wani sinadari da yake riƙe jini da ƙarfin mutum. In aka yanke su rana ɗaya, mutum sai ya yi ta zubewa har ya mutu. Ta ce in wannan ne, allura ce ƙwaya ɗaya za ta fara dawo da ita. Amma in wata cuta ce ke ɓoye a jikinta, allurar za ta iya hura ta, shi ya sa ba ta son yin cinke. Ta aika jini gwaji wani gari, sai Talata sakamako zai dawo. Ta ce, "Ban sani ba ko jikinta zai jira Talata."

Ashe dainawar da muke kafa hujja da ita, ita ce ke kashe ta. Duk da haka na koma ɗaki na zauna, na ba ta ruwa a cokali, na yi la'asar, na roƙi Allah ya kawo Talata da wuri. Allah nake roƙo ya yi mini aikin da kalma biyar daga bakina za ta yi.

Asabar da safe Rauda ta daina gane mutane. Labaran ya kira sunanta ta bi shi da ido kamar baƙo. Nas ta ɗaura abin awon jini ta matsa, ta sake matsawa, ta fita da sauri. Hannun Rauda ya yi sanyi ƙalau a cikin nawa. Mahaifiyarta, wadda kwana biyar ba ta wuce bakin ƙofa ba, ta shigo har gaban gado ta kama ƙafar 'yarta ta kira sunanta da ƙarfi a gaban kowa.

Ban san lokacin da na fita ba. Na tari Keke Napep na nufi gida, na shiga ɗakin Hajiya, na buɗe kwallar da take ajiye turare na ɗauko ragowar kwalin. A hanyar dawowa ina ta haɗa maganar a bakina: ni ce na saya, ni ce na zuba, ita ba ta sani ba. Na maimaita ta ya fi sau ashirin, har mai Keken ya waigo ya ce, "Baiwar Allah, da ni kike?"

Na tarar da Dakta Judith a bakin gado, Labaran a gefenta, Hajiya tsaye da carbi, Malam Kailani ya iso. Na miƙa kwalin. Likita ta karanta, ta ba nas umarni, nas ta ruga. Sannan ta dube ni.

"A ina kika samo wannan?"

Na ɗaga kai. Hajiya tana kallona, leɓenta ya tsaya da motsi. Labaran yana kallona. Maganar da na haɗo tun daga Tudun Wada tana nan a kan harshena.

Na ce, "A ɗakinta. Ƙarƙashin katifa."

Likita ta ɗan jima tana dubana. Ta ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata. Ba ta da lokacin da za ta tsaya a kaina, allura ta iso.

Kafin la'asar Rauda ta buɗe ido ta ce tana jin ƙishirwa. Washegari ta zauna da kanta ta sha shayi da burodi. Matan ɗakin suka yi ta kabbara, mai ciwon suga ta ce ita ba ta taɓa ganin wanda aka ɗauko daga bakin kabari irin wannan ba. Kowa ya ce Rakiya ce, Rakiya ce ta yi dabarar zuwa ta bincika ɗaki. Hajiya ta same ni a bakin famfo ina wanke kwanuka, ta dafa kafaɗata ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Tunda nake ban taɓa jin albarkar da ta yi mini nauyi irin wannan ba.

Ranar Litinin Labaran ya ajiye kwalin a kan cinyar Rauda. Ya ce, "Kin san wannan?"

Ta juya shi ta ce ba ta taɓa ganinsa ba.

"A ƙarƙashin katifarki aka samo. Kina kallo ina yawo daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan, ana nuna ni a unguwa ana cewa na sa miki ciwo, kika yi shiru. Ni na taɓa ce miki ramarki ta dame ni?"

"Wallahi ban..."

"Kada ki sake rantsewa!" Malam Kailani ne, daga inda yake zaune. Bai ɗaga murya sosai ba, amma kowa a ɗakin ya ji. "Kin rantse a gabana, kin sa na tsaya miki a gaban baiwar Allah nan. Shekara sittin da uku ban yi shaidar zur ba sai a kanki." Ya tashi ya saɓa babbar rigarsa ya fita, ko sallama bai yi ba.

Rauda ta bi ɗakin da kallo, ta rasa wanda za ta kama. Ta ce, "Wa ya samo shi?" Labaran ya ce, "Yaya Rakiya. Ba don ita ba da yanzu ana zaman makokinki." Ta juyo ta dube ni. Ina tsaye da fulas a hannu. Ban san iya abin da ta gano a wannan kallon ba, amma na ga tana lissafi, na kuma ga inda lissafin ya tsaya. Ba ta sake musu ba daga ranar.

Kwananta goma sha biyu aka sallame ta. Likita ta ce za ta ci gaba da shan irin maganin ana rage mata kaɗan-kaɗan, wataƙila wata shida, wataƙila fiye, kuma suganta ya hau sai an riƙa dubawa. Ta ƙara yi mata nasiha a kan sayen magani a kemis, Rauda tana sunkuye tana cewa to.

Malam Kailani bai bari Labaran ya ɗauke ta ba. Ya ce shi zai mayar da ita da kansa, domin akwai haƙƙin da za a sauke. Da yamma suka iso, shi da mahaifiyarta da gwaggon nan mai maganar cokalin shayi. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Maƙwabta biyu da suka shigo barka suka samu wuri suka zauna. Malam ya yi addu'a, sannan ya ce 'yarsa ta jawo wa wannan gida wahala da zargi da ɓacin suna, alhali an riƙe ta da mutunci, an yi jinyarta kamar 'yar cikin gida. Ya ce shi kunya ta hana shi barci. Ya ce, "Tashi ki nemi gafararsu ɗaya bayan ɗaya."

Ta tashi tana dafa bango. Ta durƙusa gaban Hajiya ta ce, "Hajiya, ki yafe mini." Hajiya ta ce, "Haba, ba komai, ƙuruciya ce. Allah ya kiyaye gaba." Har da shafa mata kai. Ta ja gwiwa zuwa gaban mijinta, ya kau da kai ya ce ya wuce.

Ina zaune a ƙarshen tabarma ina jin ta tana matsowa. Ina da lokaci. Tsakanin Labaran da ni taku huɗu ne, kuma da gwiwa take tafiya, ga rashin ƙarfi. Duk wanda ya kamata ya ji yana wurin: ubanta, uwarta, mijinta, maƙwabta. Ba sai na tara kowa ba, ba sai na nemi rana ba.

Na sha jin ana cewa mugunta sai mai baƙin ciki. Ƙarya ne. Ni ina son Rauda, har gobe ina sonta. Ba wanda ya tsane ta a gidanmu. Mun dai fi tsoron bakin mutane ne fiye da mutuwarta, da ta ƙi mutuwa kuma muka ɗora mata kunyarmu ta ɗauka, domin ita ce ba ta da inda za ta sauke. Yau shekara guda da wata uku ke nan. Mahaifinta bai sake tsaya mata a kan komai ba, in ta yi magana a gida Labaran sai ya tambayi wani ko haka ne, kuma ni ce wanin da yake tambaya.

Ta iso gabana ta durƙusa. Ba ta sunkuyar da kai kamar yadda ta yi wa sauran ba. Ta dube ni cikin ido, da kumburarriyar fuskar nan da muka yi mata, ta ce a hankali, "Yaya Rakiya, ke kika fi kowa wahala da ni. Ki yafe mini."

Kowa a tsakar gida yana jirana. Malam Kailani ya ce, "Malama Rakiya, a yi haƙuri a yafe mata."

Na buɗe baki na ce, "Na yafe."